Mushen Kaji a Ruwan Baftisma

An yi wani mutum mai gonar kaji, dattijo ne a ikilisiya. Kujerarsa tana sahun gaba, muryarsa ta fi ta kowa a waƙa.

Bayan gonarsa akwai rafi. Duk kazar da ta mutu, duk kashin kajin da ya ruɓe, can yake juyewa. Wari ya hana maƙwabta buɗe taga, shi ko a jikinsa.

Matarsa ta ce, "Maigida, a haƙa rami mana a riƙa binnewa. Mutane na amfani da ruwan nan."

Ya ce, "Ke har yanzu yarinya ce a bangaskiya. Duniyar nan wucewa za ta yi, gidanmu yana sama. In ɓata ƙarfina a kan rafi?"

Ya 'yan'uwa, kun ga ƙazanta cikin rigar ibada? Ni ƙyama abin yake ba ni. Mutum ya yi furfura a coci, amma a ruhu jariri ne mai ɓata shimfiɗa ya bar wa wani wanki.

Sai annoba ta shiga gonar, kaji suka yi ta faɗuwa. Don kada masu saye su ji labari, ya cusa mushen a buhuna ya tura rafi. A ganinsa ruwa zai tafi da su. Ashe sun maƙale a saiwoyi, dab da inda ikilisiya take baftisma.

A makon nan 'yar autarsa, wadda yake ji da ita kamar ransa, tana cikin masu shiga ruwa. Yana tsaye a gaɓa yana tafi, fasto ya nutsar da ita. Ta ɗago tana tari, ta haɗiye ruwa. Sai ga buhu ya taso a gefenta, ya fashe, tsutsotsi suka watsu. Ya gane buhun. Kowa ma ya gane, tambarin gonarsa na jiki. Waƙa ta mutu a bakin jama'a.

Amai da gudawa suka kama yarinyar, ba ta tashi ba. Aka rufe gonar. Wanda ya ƙi haƙa wa kaji rami, ya tsaya yana kallo ana haƙa wa 'yarsa.

Ya 'yan'uwa, ƙasa ba tamu ba ce, amana ce Ubangiji ya ba mu mu kula da ita. Wanda ya wulaƙanta rafi, wa zai danƙa masa sama? Girma cikin Almasihu ba a kujerar gaba ake ganinsa ba, a bayan gida ake gani.

Allah ya kiyaye mu da tsufa babu girma. Amin.