Kwalbar da Ba Kowa a Ciki

Akwai wani ɗalibi ɗan Gombe mai suna Uwaisu, yana digiri na uku a wata jami'a a London. Bincikensa a kan wasu 'yan halittun teku ne da ba su kai ƙwayar gero ba. Ruwa suke tacewa su ci gansakukar da ke ciki, shi kuma yana lissafa yawan abin da suke ci.

Yakan zuba su a kwalabe da gansakuka, ya bar kwalba ɗaya ba halitta a ciki don kwatance. Washegari ya auna abin da ya rage.

Wata Alhamis ya auna, ya ga ruwan ya yi garau. Sun cinye kusan duka! Ya daka tsalle a lab, ya kira matarsa Zarah a gidansu da ke unguwar Barking.

"Ɗora tukunya, yau na ga abin da ba a taɓa gani ba!"

Malaminsa, Farfesa Stephen, ya ce lallai ya gabatar da sakamakon a babban taron masana.

Sai da murna ta lafa ya auna kwalbar da ba kowa a ciki. Ita ma garau. Ashe na'urar da ke jujjuya kwalaben ce ta tsaya, gansakukar ta kwanta a ƙasa. Ba cin ta aka yi ba.

A gida ya kasa taɓa abincin.

Zarah ta dube shi. "Abban Nimatu, lafiya?"

Ya faɗa mata komai. "Ba wanda ya sani. In na yi shiru..."

"Ai kai ka sani," in ji ta.

Da safe ya hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya je ya faɗa wa farfesan. Aka yi cancel ɗin gabatarwar, wasu har da dariya. Ya koma kan kwalabensa wata da watanni.

Rannan farfesan ya kira shi ofis.

"An ba ni gurbin mutum ɗaya a jirgin ruwan bincike. Wanda ya tona kuskurensa da bakinsa, shi zan yarda da lissafinsa a tsakiyar teku. Shirya kayanka!"

Guɗar da Zarah ta rangaɗa, sai da maƙwabta suka leƙo.

Darasi: Gaskiyar da ta ba ka kunya yau, ita za ta ɗaga ka gobe. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani, ko zai amfana.