Fitilar da Usta Ibrahimu Ya Rufe

Akwai wani makanike a unguwar masana'antu ta Bahri, a ƙasar Sudan, ana ce masa Usta Ibrahimu, wato oga Ibrahimu. Hannunsa na da kyau, wannan ba musu. Amma girman kai ya yi masa katutu, ba a gaya masa, ba a tambayarsa.

Wata rana Mawahib, wata malamar makaranta daga unguwar Alsawra, ta kawo masa tsohuwar motarta. Jar fitilar jakar iska, jakar nan da ke kumbura ta tare ƙirjin mutum in an yi karo, ta kunna a allon gaban direba ta ƙi mutuwa.

"Usta, ba za ka jona na'ura ka ga abin da ke damunta ba?"

Ya kurɓi jabanarsa, gahawar nan mai ɗaci, ya yi tsaki. "Ya ustaza, ni za a koya wa mota? Je ki koya wa yara alif da ba. Fitila ce ta dame ki, ko? Halas, shi ke nan, yanzu za ta mutu."

Na'urar fa tana nan a shagon, ƙura ta rufe ta. Bai taɓa ta ba. Ya kwance allon, ya liƙe fitilar da baƙin salatif ta ciki, ya mayar. Haka yake yi wa kowa. Mawahib ta tafi tana godiya, daga baya ta sayar da motar.

Mota ta yi ta canja hannu, aka sake mata fenti. Ana nan sai Tariq, mijin Kubra 'yar Usta, ya shigo da ita shagon yana murna.

"Baba, ga wadda nake so in saya. Duba mana ita tukuna."

Ko yaron da ya fara riƙe sifana jiya ya san fitilar nan takan kunna in an murɗa makulli, sannan ta mutu. Wannan ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Usta ya leƙa ta taga, hirarsa ma bai yanke ba.

"Allo fes, ba ja ko ɗaya. Saya, ya zol, saya mutumina. Ni na ce."

Bayan Sallah, a kan gadar Shambat, wata babbar mota ta ci burki a gaban Tariq, ya daki bayanta da motar da ya saya. Ba gudu yake ba. Amma jakar ba ta buɗe ba, sitiyari ya daki ƙirjinsa. Kafin a kai shi asibitin Omdurman rai ya yi halinsa.

Da aka janyo motar shagon, Usta ya kwance allon yana zagin wanda ya yi aikin. Sai ga baƙin salatif, an naɗe bakinsa ciki, irin naɗin da shi kaɗai ke yi. Ya laluba ƙarƙashin kujera, ya tarar da wata waya mai ruwan ɗorawa ta zame daga mazauninta. Ya tura ta da yatsa, ta shiga ƙas. Gyaran ke nan gaba ɗaya.

A gidan makoki Kubra ta ɗago ido daga cikin farin mayafin takaba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ba kai ka duba masa ita ba?"



Darasi: Rufe gargaɗi ba gyara ba ne, jama'a. Ha'incin da ka yi wa baƙo yana da ƙafa, kuma ya san hanyar gidanka. Ku tura wa makanikenku, ku tura wa duk direban da jar fitila ke ci a gabansa yana cewa ba komai.