Ranar da Sakinatu Ta Je Kallon Mijinta

Akwai wani ƙauye a gefen Minjibir, irin ƙauyukan nan da gida ke jingine da gona, kana fitowa daga zaure ka taka kunyar gero. A nan wata mata mai suna Sakinatu take aure.

Mijinta, Ɗanliti, manomi ne. Gero da dawa da gyaɗa yake nomawa, sai 'yan tumaki a bayan gida. Mutum ne marar yawan magana. Idan ya dawo daga gona ya watsa ruwa, yakan zauna daga magariba har isha'i bai ce kalma goma ba.

Amma wannan mai shiru-shirun shi ne jigon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin. Su bakwai ne, shida manoma, ɗaya tela. Da kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai su haɗa teburan aji a filin firamare su yi dandamali, su jera bencina, maza gefe guda mata gefe guda, su yi wasan barkwanci bayan la'asar. Kullum Ɗanliti ne sakaran wasan. Shi ake kora, shi ke faɗuwa, shi ake kamawa da ƙarya.

Shekara goma sha ɗaya da aurensu, Sakinatu ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ba hana ta ya yi ba. Ita ce take ganin abin zubar da girma ne. A gidan da ta tashi ba a ɗaga murya da dariya, kuma ta kasa gane yadda magidanci mai iyali zai hau tebur ya riƙa birgima don mutane su ƙyaƙyata.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bakin mata. A gidan suna ko gidan biki, da ta yi sallama sai Larai, matar mai injin niƙa, ta ce a matsa wa matar wawa ta zauna. A yi dariya, ita ma ta yi yaƙe, ta dawo gida da abin a ƙirjinta.

Ta daɗe tana haɗiyewa. Amma ranar da 'yarsu Aina'u ta dawo daga Islamiyya da ƙasa a hijabinta, ta ce 'yan ajinsu ne suka tare ta wai sai ta yi musu faɗuwa irin ta babanta, haƙurin Sakinatu ya ƙare.

Ta bari ya ci abinci, sannan ta zauna a gefen tabarmarsa ta gaya masa komai. Ta ce ita ta jure nata, amma ba za ta zuba ido abin ya koma kan yarinya ba.

"Malam, ka zaɓa," in ji ta. "Ko mutuncin gidan nan, ko teburan firamare."

Ɗanliti ya saurare ta har ta gama. Bai yi musu ba, bai kare kansa ba. Ya ce ya ji, kuma ya bari. Sai dai akwai wasan ranar Asabar da aka riga aka yi shela har ƙauyukan maƙwabta, ba zai kunyata abokansa ba. Wannan zai yi, shi ne na ƙarshe.

Washegari ya je ya sanar da 'yan ƙungiyar. Sakinatu ta samu abin da take so. Sai dai ta lura a kwanakin nan mijin nata yana daɗewa wajen tumaki fiye da yadda ba su dusa yake buƙata.

Katanga ɗaya ta raba su da wata tsohuwa, Inna Amsa. Mutanen Borno ne, ita da mijinta Baba Kallamu, amma sun fi shekara arba'in a garin, har jikokinsu ba sa jin wani yare sai Hausa. Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba Kallamu. Inna Amsa ta gama takaba, amma ba ta koma fita ba. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, abinci ne kawai ya fita ranta. Sakinatu ke miƙa mata tuwo, kuma kusan kullum kwanon yana dawowa yadda ya tafi. Ɗanta Ikrima ya zo daga Bacirawa sau biyu ya kai ta asibiti, aka auna aka ce ba a ga komai ba.

Ranar Asabar da hantsi, Inna Amsa ta aika a kira Sakinatu. Ta ce Ɗanliti ya shigo gaishe ta da safe kamar yadda ya saba, ya gaya mata yau ne wasansa na ƙarshe. Marigayi bai taɓa fashin zuwa ba, in ya dawo kuma sai ya kwashe labarin kaf ya ba ta. Ita ma tana so ta je sau ɗaya, amma idonta ba ya gani da nisa, ƙafar ma sai da madogara.

"Ke za ki raka ni, 'yar nan."

Sakinatu ta buɗe baki za ta ce tana da surfe, sai ta dubi wuyan hannun tsohuwar yadda ya zama kamar kara. Ta ce to.

Suka isa filin an sauko daga la'asar. Sakinatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta nemi benci na can baya. Inna Amsa ta ƙi, ta ce a baya ko kunnenta ba zai amfana ba. Dole suka ratsa har layi na biyu.

Mutum na farko da Sakinatu ta gani a layin gaba ita ce Larai. Da kujerarta ta tsuguno ta zo daga gida, da ƙullin gyaɗa a cinya, tana gaya wa ta kusa da ita cewa tun azahar ta aiko aka kama mata wuri, don bara a tsaye ta kalla. Sauran matan da ke taya ta dariya a gidan biki duk suna nan a jere. Da Larai ta haɗa ido da Sakinatu, sai ta kawar da kai.

Farkon wasan bai yi armashi ba. Lasifika ta yi ta ƙara, aka kashe aka kunna, daga baya aka haƙura da ita. Wani ya manta maganarsa ya tsaya yana sosa ƙeya. Sakinatu ta ce a ranta, ashe wannan ne abin da ake bari a tashi daga aiki saboda shi.

Sai Ɗanliti ya fito, da guntun wando da hula ta sauko har kunne, yana nishi da buhun takin zamani a kafaɗa. Bai ce komai ba tukuna, amma filin ya ɗauka da dariya.

Inna Amsa ta taɓa ta. "Me yake yi? Gaya min, ba na gani."

Haka Sakinatu, wadda ta zo da niyyar kallon ƙasa har a tashi, ta zama dole ta kalli mijinta, ta kuma fassara.

Ta ce ya fito ne a wani marowaci da ya samo buhun taki, ga shi ya ji sallamar maƙwabta, yana tsoron kowa ya roƙi mudu. Ta ce ya kwantar da buhun a kan gado, ya lulluɓe shi da bargo, ya cire hularsa ya kafa masa. Maƙwabta sun shigo, ya ce musu kawunsa ne ya zo daga Gezawa ba lafiya.

Maƙwabtan suka zauna dubiya. Ɗaya ya ce, "Baba, yaya jiki?" Ɗanliti ya juya fuska bango, ya matse murya ya ce, "Da sauƙi." Wani ya taɓa bargon ya ce jikin nan ya yi tauri. Wani ya leƙa ya ce shi kam bai ga wuya ba. Ɗanliti ya ce ai haka danginsu suke, duk ba su da wuya. Aka kawo kunu za a ɗura wa maras lafiya, ya fizge kwanon ya shanye da zafinsa, ya ce kawu azumi yake.

Sakinatu tana faɗa, dariya na taso mata. Ta danne, ta ci gaba.

Daga nan maƙwabtan suka ce ba za su zuba ido dattijo ya mutu a garinsu ba, suka kira mai allura. Telan ƙungiyar ne ya shigo da farar riga, riƙe da famfon keke an ɗaura masa ƙusa a baki. Ɗanliti ya tare gado, aka ture shi ya faɗi. Ya tashi ya sake tarewa, aka sake ture shi. A karo na uku ya faɗo daga teburin gaba ɗaya, gwiwar hannunsa ta daki ƙasa. Sakinatu ta ji ƙarar daga inda take. Sai a lokacin ta gane inda ƙujewar da take shafa wa man kaɗe duk kaka take fitowa. Shi kuwa ya miƙe, ya koma yana roƙon a ƙyale kawunsa, wai tsoron allura yake.

Mai allura ya caka. Fararen ƙwayoyin taki suka fara zubowa daga ƙarƙashin bargo, shaa, har ƙasa. Ya durƙusa, ya ɗiba a tafin hannu, ya duba da kyau, ya girgiza kai.

"Shekarata talatin ina wannan aiki," in ji shi, "ban taɓa ganin ciwon suga ya kai nan ba."

Sakinatu ta juya za ta faɗa wa Inna Amsa, maganar ta ƙi fita. Dariya ta ƙwace mata, mayafin ya zame, ta kifa kai a gwiwa. Tsohuwar ba ta buƙaci fassara ba, kunnenta ya jiye mata. Tana riƙe da hannun Sakinatu tana jijjiga, hawaye na bin kumatunta, tana cewa da a ce Kallamu na nan da sai an ɗauke shi a kwance.

Da Sakinatu ta ɗago, ta dubi filin. Ga mutanen da ruwa ya yanke musu da wuri bana, gyaɗarsu ba ta yi ido ba. Ga wanda aka kwance wa shanun huɗa da damina. Ga dattawan da take zaton ba su san hanyar wurin ba, suna share ido da bakin rawani. A kan dandamali maƙwabta sun cire huluna suna tarar ciwon kawu, marowaci na bin su yana kuka. Babu batsa a ciki, ba a kwaikwayi gurgu ko mai in'ina ba, ba a kama sunan kowa ba. Mutum ɗaya aka yi wa dariya, kuma shi ya miƙa kansa.

Aka tashi kafin magariba. A hanya Inna Amsa tana tafiya a hankali. Sai da suka kai ƙofar gidanta ta tsaya.

"'Yar nan, me kika dafa yau?"

Sakinatu ta ce tuwon dawa ne da miyar kuka.

"Zubo min da yawa. Wata bakwai rabona da jin yunwa."

A wannan karon kwanon ya dawo a suɗe.

Ɗanliti ya shigo bayan sallar magariba, yana riƙe gwiwar hannu. Ya ga ta a filin, amma bai tayar da zancen ba. Ta ajiye masa tuwo, ya wanke hannu ya fara ci. Ta zauna inda ta zauna ranar da ta ce ya zaɓa.

Ta gaya masa abin da Inna Amsa ta ce. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana jin kunyar abin da ba ta taɓa gani ba, a kan maganar mutanen da su ba sa fashin ganinsa. Ta ce maganar Aina'u kuwa, ita za ta je Islamiyyar da kanta ta ga malaminsu, wannan ba laifinsa ba ne.

"Ka yafe min, Malam. Na janye."

Ya tsaya da loma a hannu. Ya ce ai ya riga ya yi sallama da 'yan ƙungiya, har tela ya karɓi hular zai ba wani.

"To ka je ka karɓo kafin ya bayar."

Ɗanliti ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya mayar da lomar cikin kwano, ya ɗauraye hannu, ya zura takalmi ya fita. Tuwon da ya bari sai da ta ɗumama masa da safe.

Har yanzu yana wasa duk kaka. Bakin Larai bai mutu ba, amma ya rage kaifi, don yanzu benci ɗaya suke zama. Inna Amsa ta ƙara shekara uku a duniya, kuma wasa uku ta ƙara gani, duk a layi na biyu.

Darasi: Kada ka raina sana'ar mutum ko baiwarsa tun ba ka je ka gani da idonka ba, balle ka yanke wa naka hukunci da bakin mutanen waje. Wasan da zai sa mai baƙin ciki dariya ba tare da an ci mutuncin kowa ba, ya cancanci a bar aiki a je a kalla, mai yin sa kuma ya cancanci girmamawa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila a gidan wani akwai mai baiwar da ake jin kunyarsa.