Wayar da Keziya Ta Saya wa Surukinta

Akwai wani mutum manomin citta, a wani ƙauye da mota ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya fashin sujada. Amma yana da hali guda: da a ji ya gaza, gara ya kwana da yunwa. Irin mazan nan ne da ƙaya za ta soke su, su yi wata guda suna ɗingishi suna cewa takalmi ne ya matse.

Ɗansa Sila ya auri wata yarinya a birni, sunanta Keziya, ma'aikaciyar jinya. Ba yarensu ɗaya ba, kuma marainiya ce, mahaifinta ya rasu tun tana goye. Ranar da aka kawo ta gaisuwa ta durƙusa ta ce, "Baba," sai muryarta ta yi rawa, domin bakinta bai saba da kalmar ba. Tsohon ya ji rawar nan. Ya ce, "Tashi, 'yata." Tun daga ranar bai taɓa kiranta suruka ba.

Da Keziya ta sami aiki a babban asibiti, ba ta fara da sayen zane ko sarƙa ba. Waya ta sayo masa, irin mai faɗin nan da ake shafawa da yatsa, ana ganin fuskar mai magana. Ta zauna a kan tabarma yini guda tana koya masa. Yatsansa kuwa ya yi kanta saboda fartanya, in ya shafa wayar ba ta ji, in ya danna sai ka ce zai huda ta.

Ta ce, "Baba, ku bi ta a hankali, ba huɗa ake yi ba."

Ya ce, "Ke kika kawo mini aikin da ya fi noma wuya."

Daga nan kowace Lahadi, in an tashi daga sujada, sai ya ɗauki kujerarsa ya koma gindin mangwaro, inda waya ke kamawa, ya jira. Keziya ta kira, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi citta, ta tambayi ko ya sha maganinsa. Shi kuma ya tambaye ta ko Sila yana dawowa gida da wuri, ya ce in ba ya yi a faɗa masa, har yanzu hannunsa na iya ɗaga sanda. Su yi ta dariya har abinci ya huce, matarsa tana ta kira daga cikin gida.

Haka aka yi wata goma da 'yan kwanaki. Sai wayar ta fara zafi kamar dutsen guga. Ta shiga ɗaukewa da kanta a tsakiyar magana. Wata safiya ya ciro ta, ya ga bayanta ya kumbura, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Ya danna, ya girgiza, ya hura mata iska. Shiru.

To, ku ji abin da ya shiga zuciyarsa. A yadda aka rene shi, ba a mayar da kyauta, ba a kuma faɗin aibinta. Ya ce a ransa, "In na ce mata abin da kika ba ni ya lalace, ko dai ta ji kamar na ce ta sayo mini na banza, ko ta ga na kasa riƙe amanarta. Yarinyar da ta hana kanta don ta faranta mini, da wane baki zan faɗa mata?" Sai ya naɗe wayar a hankici, ya ƙudura zai gyara ta da kansa, kada kowa ya ji.

Ya shanya ta a rana. Ya binne ta cikin buhun shinkafa kwana uku, domin ya ji ana cewa haka ake yi. Har addu'a ya yi mata a ɓoye a bayan rumbu. Ranar Lahadi ya sa ta a aljihun gaba ya tafi da ita sujada, kuma da sakataren ikilisiya ya ce kowa ya kashe wayarsa, shi ne na farkon cirowa, ya danna matacciyar waya da natsuwa, ya mayar.

Matarsa tana kallonsa. Da suka dawo ta ce, "Baban Sila, na ga ka kashe ta. Sannu da aiki."

Ba a jima ba ƙaramar wayar matar ta yi ƙara. Keziya ce. Tsohon ya yi tsalle ya koma bakin ƙofa yana kaɗa hannu.

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ce mata ina gona."

"Ranar Lahadi?"

"To ce mata na je gaisuwar rasuwa."

"Wa za ka kashe mana a garin nan? Faɗi sunansa in san inda zan kai ta'aziyya."

Ta dai rufa masa asiri, ta ce ya ɗan fita. Lahadi ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A ta huɗu ta daɗe da waya a kunne ba ta cewa komai sai "A'a, 'yata... a'a." Da ta ajiye, ta zo ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Ka ji abin da ka jawo. Yarinyar nan cewa take in laifi ta yi maka a faɗa mata ta zo ta roƙi gafara. Ta ce ta dai san daɗin ya yi mata yawa, ita da ba ta saba da uba ba. Bikin godiyar kaka ma ta ce Sila ya zo shi kaɗai, kada ganinta ya ɓata maka rai. Ni kuwa na gama. Ba zan ƙara fitowa daga ɗakin sujada in yi maka ƙarya da bakin da na yi waƙa da shi ba."

Maganar ta soke shi. Amma ko a nan bai ce a kira ta ba. Ranar kasuwa ya sayar da buhun citta, ya hau mota zuwa birnin da su Keziya suke, bai nufi gidansu ba. Ya sauka a tasha ya sami wani mai gyaran waya a ƙarƙashin laima, ya kwance hankicin.

Mai gyaran ya juya wayar, ya duba gefenta, ya ce, "Baba, an taɓa buɗe ta?"

"Ba a taɓa ba."

"Ta shekara?"

"Ta dai kusa."

Sai ya ajiye sukudirebansa. Ya ce, "Zan iya buɗewa in lallaɓa maka ita, ta yi sati biyu ta sake mutuwa. Amma ka ga ɗan hatimin nan? In na karya shi, masu ƙera ta sun cire hannunsu ke nan har abada. Tana da garanti, wato alkawarin da suka yi cewa in ta lalace kafin shekara, su za su gyara ko su sake wata. Ka kai musu ita yadda take."

Ya kwatanta masa ofishinsu. Tsohon ya je, ya tarar da wata mata a bayan kantar karɓar kaya. Ta karɓi wayar, ta buga lambar da ke jikinta a na'ura, ta ce, "Batirinta ne ya kumbura. Alkawarinmu ya shafi wannan, amma saura kwana tara ya ƙare. Ina takardar sayenta?"

Ya ce, "Ba ni da takarda. Kuɗi na zo da su." Ya fara kwance bakin aljihu.

"Mayar da kuɗinka, Baba. An riga an biya tun ranar da aka saye ta. Sunan da ke nan Keziya Sila ne. Ita za ta zo da takardar ta sa hannu."

Ya matso ya rage murya. "'Yar nan, ki taimake ni. Rubuta sunana a wurin, a yi a gama, ba sai ta ji ba."

Matar ta dube shi da tausayi, amma ba ta sassauta ba. Ta ce, "Baba, sunanka bai sayi komai a nan ba. Ga lambarta a gabana. In kira ta?"

Ya koma kan benci ya zauna. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Mutane suna shiga suna fita. Ya tuna da rawar muryar nan ta ranar farko. Can ya ɗaga kai ya ce, "Kira ta."

Ba a yi awa guda ba Keziya ta sauka daga keke da fararen kayan aiki a jikinta. Ta shigo ta durƙusa a tsakiyar ofishin, idon jama'a bai dame ta ba.

Ta ce, "Baba, kun shigo gari ba ku zo gida ba? Har abin ya kai haka?"

Ya nuna wayar a kan kantar ofishin, da hankicin a ƙarƙashinta. Ya ce, "Ta mutu a hannuna, 'yata. Sati biyar ke nan. Kunya ce ta hana ni faɗi."

Keziya ta dubi wayar, ta dube shi. Sai dariya ta kama ta, hawaye na zuba tare. Ta ce, "Wannan ne? Ni ina can ina ta tonon kaina, ko gaisuwata ce ba ta yi ba, ko miyar da na yi muku ce ta yi gishiri." Ta buɗe jakarta, ta zaro wata takarda a ninke daga bayan katin aikinta. "Tun ranar da na saya take nan. Na san abin hannu yana lalacewa, shi ya sa na zaɓi mai garanti. Ban ba ku takardar ba ne don na san Mama za ta ƙunshe daddawa da ita."

Ya ce, "Ba ki ji haushi ba?"

"Na ji. Amma ba na waya ba. Baba, ni muryarku ta ranar Lahadi na saya. Ita kuka hana ni sati biyar."

Ta sa hannu. Aka karɓi matacciyar da kumburinta da ƙurar shinkafarta, aka ba shi sabuwa fil a kwali. Ranar godiyar kaka Keziya ce ta ɗauko masa kwandon citta a ka har gaban bagade, shi yana biye yana gaya wa duk wanda ya tambaya, da wanda bai tambaya ba, cewa 'yarsa ce.

Yanzu ku buɗe kunne, ga ma'anar wannan misali.

Wayar nan ranka ne, da nawa. Wadda ta saya kuwa tana tsaye a madadin Ubangijinmu Yesu, wanda ya saye mu da jininsa. Ya san da me aka yi mu. Tun kafin ka lalace ya tanadi ranar lalacewarka, takardar tana hannunsa. Kada wani mai wayo ya tare ni a bakin ƙofa ya ce ai laifin masu ƙera waya ne, to laifinmu na wa ke nan? Misali iyakarsa misali. Namu ɓacin mu muka jawo shi, kuma duk da haka an biya.

Abin da nake so ku gani shi ne abin da tsohon nan ya yi da lalacewar. Ya ɓoye ta ga mutum ɗaya tak da ke da ikon gyara ta, ya kuma sa wa ɓoyon suna ladabi. Da yawanmu haka muke. Addu'a ta mutu a bakinka tun bara, amma kana zuwa da ita a aljihun gaba, in an ce a sunkuyar da kai, kai ne na farko. Ke kuma kina cewa sai kin daina gaba da maƙwabciyarki, sai kin shirya kanki tukuna za ki komo. Buhun shinkafa ke nan. Ki binne zuciyarki a ciki shekara goma, matacciya za ki tono.

Wasu kuma gindin laima suke zuwa, wurin duk mai cewa zai lallaɓa musu rai a asirce. Tsohon nan ya yi sa'a ya gamu da mai gaskiya. Ba kullum ake yin wannan sa'ar ba.

Ga kuma masu zuwa da buhun citta: na yi shekara talatin a ƙungiyar mawaƙa, ni na sayi bencin gaba, ubana ne ya ba da filin ginin nan. Sannunku. Amma a waccan kantar sunanku bai sayi komai ba. Suna ɗaya ne a kan takardar, kuma ba naku ba ne.

Kwanakin ma ba su da yawa. Shi an gaya masa saura tara. Ku ba wanda ya gaya muku.

Kada kuma ku ɗauka lalacewarku ce ta fi ɓata masa rai. Ya ga waɗanda suka fi ku kumburi, ya sake su sababbi. Shirunku ne yake damunsa. Yana kira kowace Lahadi, kuna aika a ce masa kun ɗan fita.

Ku kwance hankicin. Ku kai masa ita yadda take.