Magajin Baba Nomau Mai Yasar Rijiya

Ku gyara zama, kada wanda ya tsoma mini baki sai na kai aya.

A wani gari masu yasar rijiya suna da ƙungiya, suna da rantsuwa: ɗan ƙungiya ba ya shiga rijiya sai ɗan'uwansa na riƙe da igiya. Shugabansu Baba Nomau tsufa ya cim masa, dole ya fid da magaji ko ƙungiya ta watse. Amma mutumin nan, wallahi ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Mutum uku ake ambata, amma ba wanda ba ya zargi a cikinsu.

Cindo bai taɓa fashin taron Juma'a ba, sai dai tsoron zurfi gare shi, ko leƙa rijiya ba ya so. Ga shi da kasa kunne. Nomau ya ce a ransa, wannan tsegumi yake kwasa yana kai wa masu haƙa burtsatse.

Mati kuwa ko ƙeyarsa ba a gani a taro, amma ranar aiki shi ke fara tuɓe riga. Nomau ya ce raini ne, so yake ya ɓalle ya kafa tasa.

Jatau ya koma birni tuntuni. Ba taro, ba aiki, sai sabuwar igiya da yake aiko wa ƙungiya duk shekara. Nomau yakan juya ta, ya sunsuna, ya ce wa ya san abin da aka tofa mata, sannan ya wurga ta rumbu.

Ran wata Juma'a aka kira shi yasar tsohuwar rijiya a bayan gari. Ya rasa wanda zai ba amanar ransa, sai ya ɗaure tsohuwar igiyarsa a kututture ya shiga shi kaɗai. Shi da ya rantsar da kowa! Igiya ta tsinke, ya faɗa, ƙafa ta karye, ruwa iya wuya.

Cindo ne ya ga buzun shugaba babu kowa a wurin taro, hankalinsa ya tashi. Da ma ya tsinci maganar rijiyar da kunnen nan nasa, sai ya ruga yana kururuwa. Jama'a suka taru, aka yi cirko-cirko, ba mai zuciyar shiga sai Mati. Aka zura igiyoyin gari, duk suka gaza. Matar Nomau ta sheƙa rumbu ta ɗauko ta Jatau, ita ce ta kai ƙasa. Mati ya sauka, ya goyo tsohon, aka jawo su.

Kun san abin da ya fara faɗa da ya farfaɗo?

"Kai Cindo, wa ya gaya maka ina nan?"

"Baba, ji na yi."

"Ai na faɗa!"

Matarsa ta ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah!"

Kunya ta rufe shi, har ya yi ƙwalla. Ƙafa dai ta tafi, shi da rijiya sai kallo. 'Yan ƙungiya suka zauna a zaurensa, suka ce ba za su tashi ba sai ya ambaci suna.

To, ku da bakinku ke ƙaiƙayi tun ɗazu: mai zuwa taro, mai shiga rami, ko mai aike daga nesa, wanne Nomau zai damƙa wa rayukan 'yan'uwansa?