Motar Islamiyya da Inshorar Ƙarya

"Mama, me ya sa Baffa yake shiga lungu da mu idan ya hangi motar 'yan sanda?"

Zarah ce, 'yar shekara shida, ta tambayi uwarta Muhibbat. Muhibbat ta ajiye ludayin da ke hannunta.

Ya 'yan uwa, ga labarin Baffan nan. Wani mutum ne a unguwarsu ta Croydon a birnin Landan, dattijo ne, ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Duk Asabar shi ke kwasar yaran unguwa a motarsa ya kai su Islamiyya, ana ta sa masa albarka. Abin da iyaye ba su sani ba, kotu ta dakatar da lasinsa wata shida, don sau huɗu kyamara tana kama shi da gudu. Kamfanin inshora ya soke tasa. Sai ya yi wata inshorar da sunan matarsa Talatu, wadda ke da lasin amma rabonta da sitiyari shekara biyar. Ya ce ta sa hannu, ta sa.

Muhibbat ta matsa wa Talatu da tambaya har ta faɗa mata gaskiya. Ta sami Baffa a falo, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, na ji an riƙe maka lasin. Ga yaran mutane a motar."

"Ke, tun kina goye nake tuƙi tsakanin Kano da Zariya. Takardar Bature ce ke tsare rai ko Allah?"

Kun ji fa. Ya yi ƙarya a takarda, ya jefa matarsa a ciki, sannan ya fake da sunan Allah. Wannan tawakkali ne? Wane malami ya koya masa haka?

Kunya ta hana Muhibbat gaya wa sauran iyaye. Mijinta ma ya ce dattijo ne, a rufa masa asiri. Sai ta cire Zarah a motar, ta ce wa sauran mata yarinyar ta fara koyon iyo ran Asabar. Maƙwabciyarta A'isha ta ji an sami gurbi, ta saka tata 'yar, har da godiya.

Asabar ta uku ya ga 'yan sanda ta madubi. Ba ma shi suke bi ba. Ya taka mai, ya tsallake jar danja, motar kaya ta same su ta gefen da 'yar A'isha take. Yarinya tana ihu ƙugunta ya karye, shi kuwa wa ya fara kira? Talatu. "Maza ki zo ki ce ke ce ke tuƙi."

Kyamarar titi ta ƙaryata shi. Alƙali ya ɗaure shi, wurin aiki suka sallame shi. Talatu ma ta tsaya gaban kotu. Kamfanin inshora ya ce an yaudare shi, yanzu su yake bi bashi. Yarinyar har yau da sanda take zuwa makaranta.

A asibiti A'isha ta dubi Muhibbat ta ce, "Maman Zarah, ashe ba iyo ba ne. Kin sani?"



Ya 'yan uwa, wanda aka hana tuƙi ya tuƙa, inshorar da ya yi da sunan wani ƙarya ce, kuma ɗaukar 'ya'yan mutane a kanta cin amana ne, ko da masallaci zai kai su. Wadda ta sani ta ceci tata ita kaɗai, ita ma tana da amsar da za ta bayar gaban Allah. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuri'a.

Ke da kike karanta wannan, kafin ɗanki ya shiga motar kowa, ki nemi ganin lasin, ki tambayi sunan da ke kan inshora, ko da babanki ne. In kin gano ƙarya, ki gaya wa sauran iyaye a ranar. In kika yi shiru, 'yar wata za ta zauna a kujerar.