Likitan da Ya Ƙi Rubuta Zazzaɓi

An yi wani mutum a ƙasar Faransa, tun zamanin da ba a san allurar barci ba. Ku saurara, 'yan'uwana. Yadda na riƙe labarin, haka zan ba ku shi.

Bawan Allahn nan ɗan wanzami ne. Da aski ya fara, har ya zama likitan fiɗa a babban asibitin garinsu, yana kuma buɗe gawa don ɗalibai su ga yadda aka shirya cikin ɗan Adam. A lokacin mutum idonsa biyu ake yanka shi, ƙarti huɗu sun danne shi. Shi ya sa likitan da ya fi sauri shi ake kira gwani.

Ran nan aka kawo masa wani maƙeri mai suna Mathurin, da tsakuwa a mafitsara. Manyan likitoci sun zo kallo. Ya so ya burge su, ya yi sauri fiye da kullum, ya ciro tsakuwar, aka tafa masa. Bayan kwana biyu maƙerin ya rasu.

Hankalin likitan bai kwanta ba. Ya roƙi Perrine, matar mamacin, ta bar shi ya buɗe gawar. Yana buɗewa ya tarar jini ya cika ciki. Wuƙarsa ce ta yanki jijiya.

Shugaban asibiti ya kira shi ya ce ya rubuta zazzaɓi ne ya kashe maƙerin. Wai Perrine mai wankau ce, ba ta karatu, a ce mata kwanan mijinta ne ya ƙare, za ta yi kuka ta haƙura. In kuwa ya rubuta wani abu daban, to ya bar aikin.

Likitan ya ce, "Ranka ya daɗe, kwana na Allah ne. Amma wuƙar tawa ce, kuma ni na yi gaggawa."

Kun ji? Haka ya rubuta. Ya zana jijiyar a takarda, ya nuna wa ɗalibai daidai inda ya yanka. Washegari aka kore shi.

Daga nan ya tafi bakin kogi, ya sami Perrine tana wanki cikin mata, ya faɗa mata komai. Ta dube shi, riga na ɗigar ruwa a hannunta.

Ta ce, "Ashe ba romon nan ba ne?"

Ashe an hana a ba maƙerin komai bayan aikin. Ya yi ta roƙonta, ta ba shi romo a ɓoye, tun ranar take ganin ita ta kashe shi.

Ya ce, "Ba romonki ba ne, baiwar Allah. Ni ne."

Ta ce ba ta yafe masa ba, ya tashi ya ba ta wuri. Ya tafi, bai kare kansa ba. A wani ƙauye ya ƙare rayuwarsa yana ɗori da cire haƙori.

Jama'a, shekara uku ke nan da aka shiga da 'yata Lantana ɗakin tiyata, aka fito min da ita a lulluɓe. Duk wanda na tambaya sai ya ce in yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, kada wani ya koya min. Amma ƙaddara ba wurin ɓuya ba ce. Ungozoma ce ke, direba ne kai, mai sayar da magani ne, in hannunka ya yi ɓarna ka buɗe baki ka faɗa, ko da aikinka zai tafi. In ka yi shiru laifin ba ya ɓacewa, wani marar laifi ne zai ɗauke shi. Ni har yau ina tambayar kaina ko ni ce na makara wajen kai ta.